Layin da Ya Raba Gwiwar Shehu

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna cajin waya kyauta, ina jin abin da kuke faɗa in kun zaci hankalina yana cikin akwatin da nake kwancewa. Wai gyaran kwamfuta ba sana'a ba ce, kashewa ce da kunnawa. Wai duk wanda ya kalli bidiyon minti biyar a waya ya zama injiniya. Madalla. Ni Ladan na haura shekara ashirin ina wannan kashewa da kunnawar a Tambuwal, kuma akwai ranar da na kashe na kunna har sau uku a gaban mutanen gari biyu, ba ta fisshe ni ba. Ku gyara zama.

Aikina na farko ba kwamfuta ba ce, rediyon wani mahauci ce. Lokacin ina koyo a wurin Malam Cika mai rediyo, a bakin kasuwa. Shekara guda cur ya sa ni ina kwance noti ina jera su cikin murfin gwangwani, bai bar ni na taɓa dalma ba. Ranar da ya tafi jana'iza ya bar mini shago, mahaucin ya kawo rediyo ya ce ta yi shiru. Na buɗe ta, na cire wannan, na sauya wancan, na ƙona ɗan yatsa, har la'asar. Malam Cika ya dawo, ya buɗe murfin baya, ya juya batir guda da aka sa kai a ƙasa, rediyo ta kama magana. Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Ladan, kunne kafin sukundireba. Ka tambayi mai kaya abin da yay yi mata, sannan ka ɗauka rabin abin da yac ce ƙarya na."

Da kwamfuta ta shigo gari, makarantu suka fara saye, masu buga takardu suka buɗe shaguna, Malam Cika ya dube ta sau ɗaya ya ce shi ba ya gyaran akwatin da ko tasha guda ba ya kamawa. Ni na tafi Sakkwato na yi wata takwas a wurin wani mai gyara, na dawo da jaka. Abin da ke cikin jakar bai canza sosai ba har yau: sukundireba uku, mita, buroshin fenti, abin hura iska, igiyar allo guda biyu don gwaji, da filas, ba na shayi ba, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta. Filas ɗin nan da kuke gani rataye a wuyana kamar laya, ya fi duk sauran kayan daraja. A cikinsa nake tara direbobi.

Direba a sana'armu ba mutum ba ne. Ƙaramar manhaja ce da ke tsaye tsakanin kwamfuta da kowane ƙarfe da ke cikinta, tana yi musu tafinta. Na taɓa gaya wa wani Alhaji mai shagon buga takardu a Dogon Daji cewa injinsa ba shi da direba, ya ce in haka ne an huta, akwai ɗan ƙanensa da ke zaune ba aiki kuma yana da lasin. Masu kawo gyara ke nan. Kowa ya zo sai ya rantse ba abin da ya taɓa. Ka buɗe ka tarar da ɓawon gyaɗa, ko shayi ya bushe a ƙarƙashin maɓallai, ko tsaka ta shiga gidan wuta ta soyu. Wani hedimasta ya taɓa kawo mini tasa a lulluɓe da bargo, wai ya ji an ce ta kamu da cuta.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda waya ta cinye mu. Abin da mutum yake zuwa shago a yi masa, sai ga shi yana yi a tafin hannunsa yana kishingiɗe. Shagunan buga takardu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Sai in yi mako ban buɗe akwati ko guda ba. Na koma gyaran fanka da fitilar caji, da damina kuma na bi gonar gero kamar kowa. Waɗanda suka rage mini su ne masu ɗaukar hoton biki, domin su dole sai da babbar kwamfuta suke haɗa aikinsu. A cikinsu akwai Buhari mai hoto a Kebbe. Da kakar waccan shekarar ya kira ni da hantsi.

"Malam Ladan, ka taho yanzu don Allah. Za su ƙone min shago."

"Su wa?"

"Mutanenmu. Wai na yanka bidiyo."

Ga abin da ya faru. Bayan an kai amfanin gona gida, an yi kokawa a Kebbe, wani ɗan kasuwa ya sa bijimi ga wanda ya yi nasara. Karon ƙarshe ya zo tsakanin Dogo na Sanyinna da Shehu na Kebbe. Shehu ya ɗaga Dogo ya shimfiɗa shi da baya, fili ya ɗauki ihu. Sai mutanen Sanyinna suka ce ba su yarda ba, gwiwar Shehu ta taɓa ƙasa kafin ya yi kayen, kuma kowa ya san wanda gwiwarsa ta fara taɓa ƙasa shi ne ya faɗi. Alƙalin fili ya ce shi yana ta ɗaya gefen, bai gani ba. Aka ce ai Buhari ya ɗauka, a je a duba.

Aka je aka duba. Buhari ya tsayar da hoton daidai wurin, ga gwiwa a ƙasa. Amma da ya sake shi yana tafiya, sai wani layi ya riƙa ratsa allon a kwance, saman jikin 'yan kokawar yana gefe, ƙasan yana gefe, kamar an yanka hoto biyu an manna. Mutanen Kebbe suka ce ga shaida nan, haɗi ne, ƙafafun wani wuri ya ɗauko ya liƙa wa Shehu. Wani ya tuna cewa uwar Buhari 'yar Sanyinna ce. Shi ke nan. Katin kyamara kuwa ya riga ya goge shi ya ɗauki suna da shi washegari, sai abin da ke cikin kwamfuta kawai.

Abu biyu ne ban gaya muku ba. Na ɗaya, Shehu ƙanen matata Kulu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na biyu, mako biyu kafin nan ni na yi wa kwamfutar Buhari fomat, wato na wanke ta na sake zuba mata babbar manhaja.

Na hau babur. Da na isa, abin da na fara gani shi ne bijimin, ɗaure a gindin dogon yaro a ƙofar shagon, kwanansa uku a nan, ya ci rabin allon tallan Buhari. Mutanen Sanyinna suna zaune a inuwar hagu, na Kebbe a ta dama. Ban kai ga kafe babur ba surukina Alhaji Maidamma, uban Kulu da Shehu, ya yafuto ni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi Kulu, ya tambayi yara, ya tambayi hanya, sannan ya rage murya.

"Ladan, kai namu na. Ƙarfen nasara, wani shina gyaruwa, wani bai gyaruwa. In wanga bai gyaru ba, ba wanda ka ganin laifinka."

Na ce, "To, Baba."

Na gane sarai. In na ce abin ya fi ƙarfina, bidiyo ya tashi daga shaida, bayan Dogo kuwa kowa ya gan shi a ƙasa, sa ya zauna a Kebbe. Buhari kuma ya zauna da sunan mai yankan hoto, ba mai sake kiransa biki ko suna a ƙasar nan.

Na shiga. Shagon ɗaki ɗaya ne, manya shida suka biyo ni, sauran suka cika taga. Buhari yana tsaye jikin bango kamar wanda aka zo yi wa aski da fasasshiyar kwalba. Na tambaye shi abin da ya taɓa. Ya ce ba abin da ya taɓa. A karo na farko a rayuwata mai kaya ya faɗi haka kuma gaskiya ne.

Na kashe na kunna, ga ku nan masu cewa ita ce sana'ar. Layi yana nan. Na sake, yana nan. Na uku na yi ne don in sami lokacin tunani. Na cire igiyar allo na sa tawa, yana nan. Na tura bidiyon cikin wayata na kunna, ya tafi sumul ba layi. Na miƙa wa dattijon Sanyinna, Malam Bawa, ya ce ya gani. Na miƙa wa Alhaji Maidamma, ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya mayar mini.

"Ni ban ganin komi cikin wagga 'yar aba. Kuma wa ya san abin da kas sa ciki? Ga babban akwati munka ga yanka, ga babban akwati za mu ga gyara."

Mutanen taga suka ce haka ne.

Sai na kama linzamin kwamfutar na ja wata taga da ke buɗe a allon daga hagu zuwa dama da sauri. Gefenta ya karye, sama ya riga ƙasa. Nan na tabbata. Ba bidiyon ba ne, duk abin da ya motsa a allon nan sai ya tsage. Kuma na tuna abin da na yi. Ranar da na zo fomat na manta filas a gida, sadarwa kuma ta ƙi, sai na bar injin da direban gama-gari da babbar manhaja take zuwa da shi, na ce wa Buhari zan dawo in sa na ainihi. Ban dawo ba. Gero ya nuna, na manta.

Ku saurara, nan ne sana'ar take. Allo ba ya nuna hoto gaba ɗaya. Zana shi yake yi daga sama zuwa ƙasa, wajen sau sittin kafin ka ce ɗaya. A cikin akwati kuma akwai katin hoto, shi yake miƙo masa abin da zai zana. In suna tafiya tare, lafiya lau. In kuwa kati ya miƙo sabon hoto alhali allo yana tsakiyar zana tsoho, sai sama ya fito daga tsohon, ƙasa daga sabon. Kamar tela ne yana ɗinka riga ya kai ƙugu, aka zare yadin aka tura masa wani. Wanda zai ce wa kati dakata, bai gama ba, shi ne direba. Direban gama-gari kuwa bai san katin Buhari ba, ko gaisawa ba sa yi. Shi ya sa in an tsayar da hoto layin yake ɓacewa, tunda ba sabon da ake miƙowa.

Na yi musu wannan bayanin, har da telan. Suka dube ni kamar na karanta musu takardar magani. Wani daga taga ya ce, "Direban ma ɗan Sanyinna na!" Aka yi dariya, amma ba irin dariyar da take kwantar da rigima ba.

Na juya wurin Buhari na ce, "Kana da wani aikin da kay yi wa mutanen garin ga, wanda ba kokawa ba?"

Ya ce akwai da yawa. Na ce ya nemo wanda Alhaji yake ciki. Ya nemo walimar saukar Alƙur'ani ta wani jikan Alhaji Maidamma, tun bara, wadda kowa a ɗakin ya riga ya kalla lafiyarta ƙalau. Na kunna. Ga Alhaji ya taho cikin babbar riga yana gaisawa da jama'a, kyamara tana bin sa. Layi ya ratso ta daidai hancinsa. Hula da idanu suka yi gabas, gemu ya yi yamma.

Malam Bawa na Sanyinna ya leƙa allon, ya leƙa fuskar Alhaji, ya ce a hankali, "Alhaji, ashe kai ma an yanka ka. Gemun wa anka liƙa maka?"

Taga ta fashe da dariya, har da mutanen Kebbe. Alhaji bai yi ba. Ni ma ban yi ba, ina da hankali.

Na ce, "Jama'a, Buhari bai yanka komi ba. Laifin nawa na. Ni na wanke injin ga mako biyu da sunka wuce, na bar shi da direban da ba nashi ba, na ce ina dawowa ban dawo ba. Yanzu gabanku za ni gyara shi, kuma ban taɓa bidiyon kokawa. Malam Bawa, Baba, ku sa ido ga hannuna."

Aikin kansa bai da ban sha'awa, shi ya sa kuke raina shi. Na tayar da injin a yanayin da ba ya loda komai sai abin da ya zama dole. Na cire direban gama-garin. Na buɗe murfin akwati na haska fitila na karanta lambar katin da idona, domin zato shi ne ya kawo mu inda muke. Na ciro filas daga wuya, na nemo direban wannan katin, ba sabon fitowa ba, wani tsoho da na san suna shiri da shi. Sabo ba kullum ne ya fi ba, tsohon kati wani lokaci sabon direba ruɗa shi yake yi. Yana cikin shiga, ya kai rabi, janareto ya yi tari ya mutu. Mai ya ƙare.

Ban taɓa ganin mutanen Sanyinna sun yi sauri irin na ranar ba. Kafin Buhari ya nemo galan, wani ya kwantar da babur ɗinsa ya tsiyayo mai a gorar ruwa. Mutanen Kebbe kuwa kowa ya ce tankinsa a bushe yake.

Na sake daga farko, domin direban da ya shiga rabi ya fi wanda bai shiga ba sharri. Ya shiga. Na kashe na kunna, wannan karon da dalili. Allon ya yi baƙi, ya ɗan jima fiye da yadda nake so, sannan ya kawo. Na shiga saitin katin na tabbatar allo yana kan sittin ɗinsa, na kunna zaɓin da yake tilasta wa kati ya jira allo ya gama zane kafin ya miƙo wani. Na ja taga hagu da dama. Ta tafi a miƙe kamar an ja zare.

Walimar na fara kunnawa. Alhaji ya taho da hularsa da gemunsa a wuri ɗaya. Na ce, "Baba, ka dawo daidai?" Ya ce, "Sa kokawar."

Na sa. Ga Dogo, ga Shehu, sun sarƙe. Shehu ya sunkuya ya nemi ƙafa, Dogo ya danna shi, gwiwar hagu ta sauka ta taɓa ƙasa har ta bar gurbi a rairayi, sannan ya yunƙura ya ɗaga Dogo ya kayar. Ba layi, ba karaya, tun daga kai har ƙafa mutum ɗaya ne, kuma ƙanen matata ne. Alhaji ya ce a maimaita. Na maimaita. Ya ce a rage gudu. Na rage, abin ya ƙara muni. Sau huɗu muka kalla. A na huɗun ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya dubi Malam Bawa.

"Ku kwance sanku."

Daga ƙofa ya juyo ya ce wa Buhari, "Yaro, mun zalunce ka. Ka yafe." Ni kuwa ko kallo ban samu ba. Na bi shi waje ina cewa Baba a sauka lafiya, ya ɗaga hannu ɗaya ba tare da ya waiwayo ba, irin ɗagawar da ake korar ƙuda da ita.

Labari ya riga ni isa Tambuwal. Kulu ta ajiye mini tuwo ba miya, ta ce miyar tana Sanyinna in bi ta. Kwana uku muna haka.

Ranar kasuwa sai ga Shehu a shagona. Na matsar da kayan mutane daga kan tebur, domin mutumin da ya ɗaga Dogo ba zai sha wahalar ɗaga ni ba. Ya zauna a bencin nan da kuke kai, ya naɗe ƙafar wando, ya nuna mini gwiwar hagu. Ga ɓawon ciwo ya bushe.

"Yaya Ladan, da ka tambaye ni da ba ka ƙone manka ba. Tun cikin fili na sani. Gwiwar tawa ta."

Na ce, "To mi ya hana ka faɗi, kab bari anka kusa ƙone shagon bawan Allah?"

Ya ce, "Gaban Baba? Shina ta gaya ma mutane ɗansa ya ci sa? Kai dai da ba ka san ciwon kanka ba, kai ka iyawa." Sannan ya miƙo waya ya ce in tura masa bidiyon, yana son ya ga yadda Dogo ya danne shi, don kada a sake.

Buhari yana nan yana aikinsa, yanzu har Sanyinna ake kiransa. Alhaji Maidamma ya sauko bayan wata biyu, da Kulu ta haihu ya zo suna. Amma bai bar ni haka ba. Har yau in na je Kebbe ya yi baƙi, sai ya kira ni ya dafa kafaɗata ya ce musu, "Wanga shi na surukina Ladan, gwanin gyara. Duk abin da kunka ba shi sai ya gyaru. Mu sa munka ba shi, yag gyara muna shi har Sanyinna."